Shekarar da Kika Ajiye Farar Riga

Dar es Salam, Yamai

Assalamu alaikum, ɗiyata Mariyama, mai sunan uwata.

Ina gaishe ki gaisuwar uba, ina roƙon Allah takardar nan ta same ki cikin lafiyar jiki da ta zuciya. Allah ya tsare ki a sama, ya tsare ki a ƙasa, ya sauke ki Dakar lafiya, ya haɗa ki da mutanen kirki tun daga ƙofar filin jirgi.

Za ki yi mamakin ina rubuta miki takarda alhali gida ɗaya muke kwana. Kin san halina. Na ƙare rayuwata ina magana gaban allo, amma in na zauna gabanki sai maganar ta maƙale, in koma tambayarki ko kin gama ɗaure kaya. Na ba mahaifiyarki ta sa miki ita cikin jaka. Ki karanta in kin sauka kin huta.

Ga abin da ya sa ni rubutu. Kwanan baya muna shan shayi a tsakar gida kika ce mini, "Baba, shekarar nan da na yi rashin lafiya, yawancinta ba na tunawa. Kamar wata ce ta yi ta, ba ni ba." Maganar ta tsaya mini. Ni ina tunawa da ita sarai. Yanzu za ki tafi ƙwarewa a kan ciwon yara, shekaru masu nauyi, a garin da babu wanda ya san yadda dariyarki take balle ya lura in ta ɗauke. Shi ya sa nake so ki tafi da abin da idona ya gani.

Kina shekara ta shida a karatun likita aka tura ki koyon aiki ɗakin yara. Damina ce, zazzaɓin sauro ya cika asibiti. Da farko kina dawowa da labari: yara sun fi gadaje yawa, uwaye na kwance kan tabarmi har bakin ƙofa, kun yi kaɗan, aiki ya yi yawa. Kina kwanan aikin nan da kuke kira gardi, gari ya waye kuma ki zarce da aikin rana. In kin dawo gida sai ki faɗi kan gado ko takalmi ba ki cire ba.

Ni kuwa a lokacin kaina ya yi girma. Tsohon mushen lakwal, wato malamin makaranta, ga ɗiyarsa ta kusa zama lokotoro. Maƙwabta suka gane hanyar gidanmu. Wannan ta zo da takardar magani a duba mata, wancan ya zo da hoton ƙirji, wata ta goyo yaro mai zafin jiki. Suna sallama suna cewa, "Mushe, Lokotoro tana nan?" sai in tashi da sauri in ƙwanƙwasa miki ƙofa. Kina fitowa da jajayen idanu, ki durƙusa ki gaida su, ki duba, ba ki taɓa cewa a'a ba. A ganina alheri muke yi. Ban san barcin nan da nake katsewa shi ne ɗan abin da ya rage miki ba. To, a Dakar ma za a samu masu ƙwanƙwasa ƙofa: ƴan ƙasarmu da ke can, abokan aiki masu son ki riƙe musu gardi, da manya waɗanda in sun ga ba kya ƙi sai su ƙara miki. Ki yi wa mutane alheri, amma ranar hutunki ki rufe ƙofa ki kwanta. Ki koyi cewa, "Yau ba zan iya ba," da fara'a, ba tare da dogon bayani ba.

A hankali labarin ya ɗauke. Kika daina gardama da ni kan labarun rediyo, ke da ba kya bari maganata ta wuce. Mahaifiyarki ta yi miki kopto, kwaɗon zogalen da tun kina ƙarama kike rigima a kansa, kika juya cokali a ciki kika ture. Kika rame. Wani lokaci in same ki zaune bakin rijiya da farar rigarki kan cinya, kina kallon bango, in yi sallama ba ki ji ba. Mahaifiyarki ta ce mini, "Malam, yarinyar nan ta canza." Na ce mata, "Karatu ne. In ta gama za ta huta." Haka na ɗauka, domin gajiyar da na sani ita ce wadda mutum ke kwanciya ya tashi garau. Ban san akwai wadda barci ba ya taɓa ta ba. Ki riƙe alamun nan, Mariyama, domin da su ciwon ya shigo miki: abincin da kike so ya daina daɗi, magana ta yi nauyi, kin yi barci kin tashi kamar ba ki kwanta ba. In kin ga sun taru, kada ki ce sai kin gama wannan wata ko wancan jarrabawa.

Wata safiya na ɗauke ki kan moto zan kai ki aiki, kamar yadda na saba in kin makara. Muka iso ƙofar asibiti na tsaya. Ina jiran ki sauka, ba ki sauka ba. Na ji kin riƙe rigata ta baya da hannu biyu, irin riƙon da kike yi mini kina yarinya in za mu haye gada.

Na ce, "Uwata, mun iso."

Kika ce, "Baba, ƙafata ta ƙi."

Na ɗauka ciwo ne a ƙafar, na juyo zan duba. Fuskarki ba hawaye, ba komai. Kika ce, "Jiya yaro ya rasu a hannuna. Uwarsa tana ta kuka tana riƙe ni, ni kuwa ban ji komai ba. Ko kaɗan, Baba. Wace irin mutum ce ni?" Sannan kika ce, "Da Allah zai ɗauke ni in huta, da ya fi."

Masu moto na ta yi mana oda a baya, mai gadi na ɗaga hannu mu matsa. Ni dai na kashe moto na tsaya, na rasa gaba na rasa baya.

A nan Allah ya kawo Fati, ƙawarki ta aji, Bazabarmar nan ta Gamkalley. Ta sauko daga taksi ta hango mu. Ta gaishe ni, ta dube ki, ba ta tambaye ki me ya faru ba. Ta sa hannu ta kwance yatsunki daga rigata ɗaya bayan ɗaya, ta rungume ki a nan bakin titi. Sannan ta ce mini, "Baba, na daɗe ina ganin wannan, na rasa yadda zan faɗa muku. Ciwo ne. Yana da suna, yana da magani. Kada ku koma gida, ku zo mu ga Madam."

Madam ita ce babbar likitar ɗakin yara, wadda kuke rawar jiki in kun ji takunta. Na shiga ofishinta ina shirin ba da haƙuri a kan ɗiyata ta kasa aiki. Ta sa aka rufe ƙofa, ta bar kujerarta ta zo ta zauna kusa da ke. Ta yi miki tambayoyi a hankali, kan barci, kan abinci, kan tun yaushe. Sai ta yi miki tambayar da ni ba zan taɓa iya furtawa ba, ta ce ko tunanin kashe kanki yana zuwa miki. Kika sunkuyar da kai kika ce yana zuwa, kina korarsa da addu'a, yana dawowa.

Madam ba ta firgita ba. Ta ce, "Na gode da kika faɗa mini." Ta juyo gare ni ta ce, "Mushe, ɗiyarka ba raguwa ba ce, kuma ba imaninta ne ya yi rauni ba. Ciwon damuwa ne, aiki ya cinye ta har ya kai ta nan. Rashin jin komai da take tsoro, ba mugun hali ba ne, ciwon ne. Ni da kake gani na taɓa zama inda take zaune, lokacin ina koyon aiki, kuma ba wanda ya tambaye ni." Ta ba ki hutu a take, ta kira likitan da ke duba irin wannan ciwo ta ce ga ɗalibarta nan zuwa, ta kuma ce mini kada a bar ki ke kaɗai a kwanakin nan.

Har gobe ina yi wa matar nan addu'a bayan sallah. Abin da nake so ki ɗauka daga ranar shi ne wannan: kin faɗi gaskiya da aka tambaye ki, kuma gaskiyar nan ce ta tsamo ki. In tunanin nan ya sake leƙo ki, ko sau ɗaya, ki faɗa wa mutum a ranar, kada ki kwana da shi. Kuma kada ki yanke wa manyanki hukunci daga nesa. Wadda kuka fi tsoro ita ta fi kowa gane ki.

Da muka koma gida na gaya wa mahaifiyarki wurin wane likita za a kai ki, ta zauna ta yi kuka. Ta ce, "Malam, mutane za su ce ta haukace. Da wane ido za ta sake duba marasa lafiya?" Ban ga laifinta ba, ni ma abin na raina. Amma da safe ita ta riga kowa yafa mayafi. Ita ta riƙa raka ki wurin likitan duk ranar da ya ba ku, ita ke ajiye maganin tana ba ki da hannunta, ta shimfiɗa tabarmarta ɗakinki, ta tashi ta yi miki addu'a ta tofa miki. Maganin da addu'ar tare suka tafi, ba wanda ya hana wani. Ita ce kuma ta tsaya bakin ƙofa. Masu zuwa neman Lokotoro ta riƙa mayar da su. Da wata ta matsa mata da tambaya, ina ji daga zaure ta ce, "Ciwon damuwa take yi, tana shan magani. Ku sa ta a addu'a." Ban taɓa jin ƙarfin mahaifiyarki kamar ranar ba. Bayan ƴan kwanaki matar nan ta dawo a ɓoye tana tambayar inda likitan yake, wai ɗanta ya daɗe bai fita daga ɗaki ba.

Maganin bai yi saurin aiki ba, wannan ma ki tuna. Makonnin farko ban ga wani sauyi ba. Kina kwance fuskarki ga bango, in an kawo abinci ki ɗan taɓa. Har na ce wa likitan ko a canza, ya ce in ƙara haƙuri, irin wannan magani a hankali yake shiga. Ke ma kin so ki daina, kika ce ai kin karanta shi a littafi, kin san abin da yake yi. Ya ce miki, "A nan ba likita ba ce ke. Ki bari a duba ki." Ina maimaita miki maganarsa. Kada ki rubuta wa kanki magani, kada ki tsayar da shi da kanki don kin ji sauƙi. Da kin isa, kafin aiki ya rufe ki, ki nemi likitan can da likitanki ya ba ki sunansa ki je ku san juna tun kina lafiya.

Fati ba ta daina zuwa ba. In ta tashi aiki sai ta biyo, ta zauna gefen gadonki tana cin gyaɗa tana ba ki labarin banza, ko kin amsa ko ba ki amsa ba. Ita ta kawo shawarar a riƙa kai ki garkar mahaifinta a Gamkalley, bakin kogi, ki sha iska. Na fara kai ki da hantsi. Baba Sumana, mahaifinta, Hausarsa ta kasuwa ce, ni kuma Zabarmancina bai wuce gaisuwar fofo ba, amma mun fahimci juna. Bai taɓa tambayarki me ke damunki ba. Ya shimfiɗa miki buhu a inuwar mangwaro ya koma aikinsa. Kwanaki kina zaune kina kallon ruwa. Wata rana ya wuce ya ajiye bokitin ban-ruwa kusa da ƙafarki. Bayan wani lokaci na ga kin tashi kin ɗauka, kina bin layin ganyen salati kina zuba masa.

Ganin haka ni ma na ji ƙarfi. Na naɗe hannun babbar rigata na ɗauki bokiti biyu, wai zan nuna ni ma ɗan manoma ne daga Tawa. Ban yi nisa ba santsi ya kwashe ni, na zauna daɓas cikin laka, ruwan ya juye mini a ka, hulata ta bi rariya. Baba Sumana ya taho da gudu yana cewa, "Mushe! Wannan ba alli ba ne!" Sai na ji wata murya a bayana. Ke ce kike dariya. Kin riƙe ciki kina dariya har kika durƙusa, dariyar ta koma kuka, kukan ya sake komawa dariya. Ban yi saurin tashi ba. Na zauna cikin lakar nan ina cewa alhamdu lillahi a zuciyata. Da za a ce in sake faɗawa kullum don in ji wannan murya, da na faɗa.

Ba daga ranar kika warke ba. Akwai ranakun da kika koma kwanciya bayan haka, har na ɗauka mun koma farko. Amma masu kyau suka riƙa fin marasa kyau yawa. Kika fara cin abinci, kika fara gyara mini magana in na faɗi abin da ba daidai ba.

A garkar nan ne, wata la'asar muna zaune muna kallon masu jirgin ruwa, kika ce, "Baba, in na bar karatun likita fa?"

Ba zan ɓoye miki ba, tambayar ta yi mini nauyi. Na tuna shekarun da kika zuba, na tuna mutanen unguwa. Sai na dube ki, ga laka a ƙafarki, ga ɗan kumatu ya fara dawowa, kina da rai kina zaune kusa da ni. Na ce, "Uwata, ranar da aka haife ki ba da farar riga kika zo ba, kuma na yi murna har na kasa cin abinci. In kin bari, ɗiyata ce ke. In kin koma, ɗiyata ce ke." Kika jingina kanki a kafaɗata. Ban sake tayar da maganar ba, mahaifiyarki ma haka.

Ke da kanki, bayan watanni, kika fito wata safiya da rigar a hannu kika ce a goge miki ita. Madam ta mayar da ke a hankali, aikin rana tukuna, gardi daga baya. Ƴan ajinku sun wuce ki da shekara, Fati ta riga ki gamawa. Na san ya yi miki zafi ranar da kika je taya ta murna kina ɗaliba. Amma na ga yadda kika dawo aikin. Wata rana na zo ɗaukar ki na same ki zaune kan tabarma kusa da wata uwa da ta rasa ɗanta, kina riƙe da hannunta, idonki cike da hawaye. Da muka hau moto kika ce mini, "Baba, yau na ji zafi." Kika faɗe shi kamar mai ba da albishir, ni ma haka na karɓe shi. Kada ki taɓa lissafa shekarar nan cikin asara, kuma kada ki auna tafiyarki da ta wani.

Yanzu ga sauran abin da nake roƙonki. Ki ci abinci a zaune, ko da kaɗan ne. Ki riƙe sallarki, in kuma kin ji nauyin tashi gare ta kamar wancan lokaci, kada ki ce Allah ya yi fushi da ke, ki gane alama ce ki nemi taimako. Ki samu wuri guda da ba ya warin asibiti, an ce teku na kusa, ki riƙa zuwa kina zama. Ki yi ƙawa wadda za ta iya shigowa ɗakinki ba tare da kin gyara fuska ba. Yaran da za su rasu a hannunki, domin za a samu, ki yi musu iyakar ƙoƙarinki, ki yi kukanki, ki bar wa Mai rai abin da yake nasa. Ki riƙa duba na kusa da ke kuma. In kin ga wani cikin ƴan uwanki masu koyon aiki ya yi shiru, ya rame, ya daina dariya, kada ki daɗe kina neman yadda za ki faɗa. Ki zauna kusa da shi ki tambaye shi kai tsaye. Kin san hanyar, an bi da ke.

In mun yi waya na ce, "Kina lafiya?" kada ki ba ni amsar gaisuwa. In lafiya ce ki ce lafiya. In ba ita ba ce ki ce, "Baba, na gaji," zan gane, ba zan tambaye ki dalili ba, ba kuma zan ce ki daure ba.

Akwai abin da ban gaya miki ba. Kin san ban taɓa hawa jirgin sama ba, iyakar tafiyata Tawa da Damagaram a mota. Watan jiya na je na yi layi da samari aka ɗauki hotona, na yi fasfo. Yana cikin aljihun rigata ta Juma'a. Mahaifiyarki tana yi mini dariya, wai tsoho zai je ganin teku. Ba teku zan je gani ba. Ranar da kika ce kin gaji, ki duba ƙofa.

Na gode wa Allah da ya bar mini ke. Na gode wa Fati da mahaifinta, da Madam, da likitanki, da mahaifiyarki. Ke ma na gode miki, domin kin yi magana ranar da shiru ya fi sauƙi.

Allah ya yi miki albarka, ya sa hannunki ya zama sanadin waraka, ya ba ki barci mai daɗi da abokan zama nagari. Ya kiyaye fitarki da shigarki, ya raba ki da sharrin hanya da na zuciya, ya dawo mana da ke lafiya muna raye. Mahaifiyarki tana gaishe ki, ta ce yajin yana cikin ƙaramar jaka, kada ki bari ya zube kan littattafai.

Wassalam.

Mahaifinki,
Mushe Haruna